Tsofaffin Land Cruiser ɗinmu: a fara da birki da lagireto kafin turbo da manyan tayoyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana da 'yan'uwana masu tsofaffin manyan motocin kat-kat, masu ja da ƙafa huɗu, a arewacin Kamaru da maƙwabtanmu na Cadi, wato masu Land Cruiser da Nissan Patrol da makamantansu, a kan irin gyara da sauye-sauyen da ake yi wa waɗannan motoci a garejojinmu. Na daɗe cikin harkar sufuri a Garwa, kuma abin da ke damuna shi ne yawancinmu muna zuba kuɗi a kan abin da ido zai gani, muna ƙyale abin da rayukan fasinjoji suka rataya a kansa. Mutum zai sayi manyan tayoyi, ya sa a ɗaga masa mota, ya ce a buɗe mata mai domin ta ƙara gudu, alhali lagiretonsa ya toshe, man birkinsa ya yi baƙi, aksul ɗin gaba kuma yana zubar da mai. Laifin wannan ya fi rataya a wuyan masu mota fiye da makanikai, domin bakanike abin da aka ce ya yi, aka kuma biya shi, shi yake yi.

Waɗannan motoci a wurinmu kayan aiki ne na dole. Jirgin ƙasa a Ngaundere yake tsayawa, daga nan kuwa komai a kan taya yake tafiya, ta babbar hanyar da ta ratsa Garwa da Marwa da Mora har Kusiri, sannan gadar Ngeli ta tsallakar da mutum zuwa Njamena. Sashen Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, mai tsawon kimanin kilomita 205, ya shekara da shekaru yana karya motoci. Da an sauka daga kwalta kuma sai baƙar ƙasar karal, wadda ke dasƙarewa da rani tana tsagewa, da damina ta koma taɓon da ke riƙe mota har ciki, ga fadamun Logon da ruwa ke shafewa watanni, ga duwatsun yankin Mokolo. Mai naƙuda da za a kai asibiti daga ƙauye, da malamin allurar rigakafi, da ɗan kasuwa mai bin kasuwannin mako, duk irin wannan mota suke dogara da ita. A 1987 sojojin Cadi sun kori na Libiya daga Fada da Wadi Dum a kan motocin Toyota, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin, kuma tun daga lokacin mutanenmu suka ɗauka cewa Land Cruiser ba ta mutuwa. Wannan kyakkyawan suna shi ne yanzu yake cutar da ita, domin saboda shi ake ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ake kuma jinkirta gyaran da ya kamata a yi tun jiya.

Ya kamata mai mota ya san abin da ke hannunsa. Land Cruiser samfurin 80, wanda aka ƙera a Japan daga 1990 zuwa 1997, da samfurin 105 da ya biyo baya a 1998, da samfurin 70 da ake yi tun 1984, yawancin waɗanda ke wurinmu suna ɗauke da injin gazuwal, wato dizal, mai suna 1HZ, mai silinda 6 da girman lita 4.2, mai ƙarfin doki kimanin 130. Patrol ɗin Y60 da Y61 kuma da yawa suna da injin TD42, shi ma lita 4.2. Abin da ya sa suka daɗe shi ne famfon gazuwal ɗinsu na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, kuma ƙarfin da ake cirewa daga injin kaɗan ne idan aka duba girmansa, saboda haka ba ya wahala. Duk sauyin da zai tilasta masa ya fitar da ƙarfin da ba a ƙera shi dominsa ba, daga wannan tsawon rai ake yanko shi. Sababbin samfura masu injin da kwamfuta ke sarrafawa sun fi tsada, sun fi ƙyamar gurɓataccen mai, kuma kuɗin duwan, wato kwastan, ba ya barin talaka ya matso kusa da su, don haka tsofaffin nan su ne za mu ci gaba da riƙewa, kuma hakkinsu ne a riƙe su da sani.

Zan fara da sanyaya inji, domin a nan ne aka fi yin ɓarna da sunan gyara. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi a Garwa da Marwa da Njamena yana wuce digiri 40, kuma da allurar zafi ta fara hawa, abu na farko da ake yi a garejoji da yawa shi ne a cire termosta a jefar, a ce wai an yi ta ne domin ƙasashen sanyi. Wannan kuskure ne babba. Aikin termosta shi ne ta riƙe injin a zafin da ya dace da shi, wajen digiri 80, kuma a injuna da yawa ita ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji idan ya yi zafi, ta tilasta masa bi ta lagireto. Idan aka cire ta, da asuba cikin hunturu injin zai daɗe yana aiki da sanyi, yana cin ringi yana tara baƙin toka, da rana tsaka kuma a kan hawa wani kaso na ruwan ba zai shiga lagireto ba sam. Ainihin ciwon galibi a wani wuri yake. Fankar waɗannan injuna tana da kai mai man silikon a ciki, wanda ke sa ta kama da ƙarfi idan zafi ya ƙaru, kuma idan man ya tsiyaye saboda tsufa, fankar za ta ci gaba da juyawa amma ba ta jan iska yadda ya kamata. Ga lagireto da 'ya'yan ciyawa da busasshen taɓo suka toshe ta waje, ga ruwan rijiya da ake ɗura mata wanda ke barin farin ɓawo da tsatsa ta ciki, ga murfin da robarsa ta mutu, alhali matsin da murfin ke riƙewa shi ne ke hana ruwa tafasa da wuri. Wanda ya wanke lagireto ciki da waje, ya gyara kan fanka, ya sayi sabon murfi da termosta ta gaske, ya zuba ruwan sanyaya inji na kwalba, ya kashe kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da zai kashe ba idan kulas, wato kan inji, ya tsage a tsakanin Figil da Marwa.

Sai batun ƙara ƙarfi. Akwai wani ƙaramin noti a jikin famfon gazuwal da ke ƙayyade yawan man da ke shiga inji, kuma kamfani yana rufe shi da hatimi saboda dalili. Matasan direbobi suna son a juya shi domin mota ta riƙa tashi da zafin nama, har wasu suna alfahari da baƙin hayaƙin da take bari a baya. Baƙin hayaƙi man da bai ƙone ba ne, wato kuɗi ne ke fita ta salansa, sannan zafin cikin silinda yana hawa har ya fara cin kan fistin. Gazuwal da ake sayarwa sefa 575 kowace lita kafin Fabrairun 2023 ya koma 720, sannan ya kai 828 a Fabrairun 2024. Idan wannan juyi ya ƙara wa mota lita 2 kacal a kowane kilomita 100, tafiya ɗaya daga Garwa zuwa Marwa da dawowa, wadda ta haura kilomita 400, ta cinye ƙarin sefa fiye da 6,600 a farashin 2024 ba tare da an ɗauki ko fasinja ɗaya na ƙari ba.

Ɗaura turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, a kan 1HZ kuwa ya fi wannan haɗari idan an yi shi da ka. Shi wannan inji matsin iskarsa yana da yawa ƙwarai, ya haura 22 bisa 1, kuma man yana fara ƙonewa ne a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kulas kafin ya faɗo kan fistin. Lokacin da Toyota ta so inji mai turbo na wannan girma, sai ta ƙera 1HD-T, wanda ke fesa mai kai tsaye, matsinsa ya yi ƙasa da 19 bisa 1, fistin ɗinsa kuma daban. Ba na cewa ba a taɓa sa wa 1HZ turbo ta zauna lafiya ba, amma waɗanda suka ci nasara sun yi shi ne a kan inji mai lafiya, da ɗan matsi kaɗan, da lagireto mai kyau, da agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba domin ya san lokacin da zai ɗaga ƙafa. Abin da ake yi a wurinmu shi ne a samo tsohuwar turbo ta wata mota da ba a san tarihinta ba, a haɗa ta da walda a kan injin da ya riga ya gaji, a buɗe mai, a sallami mai mota da fatan alheri. Wanda ke da irin wannan kuɗi gara ya kai nozul-nozul da famfo wurin mai injin gwaji a daidaita su, ya sa a saita bawul, ya canja filtar iska, zai ga yawancin ƙarfin da yake nema dama yana nan, ƙura da tsufa ne suka danne shi. Ina kuma tunatar da masu 1HZ cewa taimin bel ɗinsa, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, ana canja shi ne duk kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke bawul da fistin karo suke yi. Motar da agogon kilomitanta ya mutu, ko wadda aka saya ba a san tarihinta ba, a canja mata shi tun ranar farko.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wato manyan tayoyi da ɗaga mota. Tayar asali ta yawancin waɗannan motoci, irin 7.50R16, tsayinta kimanin inci 32 ne. Wanda ya sa mai inci 35 ya ƙara kusan kashi 10 cikin 100, kuma wannan ƙari yana bin komai: agogon gudu zai nuna 100 alhali mota tana kusan 110, birki zai rasa kusan wannan kaso na ƙarfinsa domin tayar ta fi tsayi ta kuma fi nauyi, giya ta biyar za ta yi wa injin nauyi a kan hawa, boris da gaɓoɓin aksul ɗin gaba kuma za su riƙa ɗaukar dukan da ba nasu ba. Ɗaga mota da kimanin santimita 5, da sifirin da shokazoba da aka yi domin haka, abu ne mai ma'ana a hanyoyinmu. Abin da ya wuce haka, musamman idan da tubalan ƙarfe ko sifirin ɗin wata mota aka yi shi, yana canja kusurwar ƙafafun gaba har sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, mota ta riƙa yawo a kan kwalta, tiyon birki kuma ya miƙe har ya kusa tsinkewa idan taya ta faɗa rami. Akwai kuma wani bawul a bayan mota da mutane ƙalilan suka san aikinsa. Yana haɗe da aksul ɗin baya ta wani siririn ƙarfe, yana auna yadda mota ta zauna, idan ta yi ƙasa saboda kaya sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan ta yi sama sai ya rage. Da an ɗaga mota ba a sake saita shi ba, kullum zai ɗauka cewa babu kaya, ya riƙa rage birkin baya ko da mota ta cika maƙil. Duk wanda ya san gangaren dutsen Mbe a hanyar Ngaundere zuwa Garwa ya san abin da wannan ke nufi: birkin gaba ne kaɗai zai riƙe mota mai nauyin kusan tan 3, ya yi zafi, man birkin da ya shekara uku yana shan danshi ya tafasa, feda ta tafi ƙasa. Man birki a canja shi duk shekara biyu, gangare kuma a sauke shi da ƙaramar giya.

Kaya a kan rufi shi ne ɗan'uwan wannan matsala. Samfurin 80 ba kaya a ciki ya haura tan 2, kuma iyakar nauyin da kamfani ya amince da shi, da mutane da mai da kaya gaba ɗaya, kusan tan 3 ne. Jarka ɗaya ta lita 20 cike da gazuwal tana da nauyin kilo 17 ban da ita kanta jarkar, saboda haka jarka goma a kan kariya kilo 170 ne a wuri mafi tsayi a jikin mota, kafin a ɗora buhunan gero da babur. Idan aka haɗa wannan da motar da aka riga aka ɗaga, kaucewa rami ɗaya ko jaki ɗaya ya isa ya kifar da ita. Ƙara fallen sifirin a baya, wanda masu samfurin 70 da 60 suka saba yi, yana hana mota zama ƙasa, amma ba ya ƙara wa birki ko aksul ko shasi ƙarfi ko kaɗan, sai dai ya ɓoye wa ido cewa kaya sun yi yawa, ya kuma mayar da dukan gargada kan shasi har ya tsage.

Kada a ce ina ƙin kowane sauyi. Akwai waɗanda hanyoyinmu ke buƙata, kuma abin mamaki su ne masu sauƙin kuɗi. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa zuwa saman gilashi yana rage ƙurar da ke shiga filta idan ana bin bayan wata mota, yana kuma tsare inji daga shan ruwa a mashigi, muddin an toshe mahaɗansa da kyau. Ramukan numfashi na aksul da giya, idan aka sa musu dogon tiyo aka kai shi sama, ruwa ba zai shiga ba lokacin da aksul mai zafi ya nutse cikin ruwan sanyi ya tsotso shi, kuma duk wanda ya ratsa ruwa da damina ya kamata ya kwance noti ya duba, idan man ya koma kalar madara a zubar da shi a ranar. Filtar gazuwal ta biyu mai raba ruwa da mai tana da muhimmanci ga duk wanda tilas ke sa shi sayen man jarka da na zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri, a bakin hanya, domin ruwa da yashi su ne ke kashe famfo da nozul. Ƙarin tankin mai a ƙarƙashin mota ya fi jarka goma a sama aminci nesa ba kusa ba. Safaya ta biyu, da famfon hura taya domin a rage iska a cikin rairayi a mayar da ita a kan kwalta, da farantin ƙarfe mai tsare ƙasan inji, duk waɗannan kuɗinsu halal ne. Haka kuma kwance kan aksul ɗin gaba lokaci zuwa lokaci, a canja robobin da ke raba man aksul da giris, a sake cika gaɓoɓin da sabon giris, ya fi jira har su fara ƙara a kwana, sannan a cire furofelar gaba a mayar da kat-kat motar ƙafa biyu.

Kayan gyara ma suna buƙatar magana. Abin da ke shigo mana daga Kamp Yabasi a Duwala, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Dubai, akwai na gaske, akwai na kamfanonin da suka san aikinsu, akwai kuma jabu a cikin kwali mai kama da na asali. Ba kowa ke da ƙarfin sayen na asali a komai ba, kuma babu laifi a yi tsimi a kan fitila ko hannun ƙofa. Amma taimin bel, da kayan birki, da filtar mai, da boris ɗin ƙafa, da kayan sitiyari, waɗannan wurare ne da araha ba ta ado. Ina roƙon 'yan'uwanmu masu shaguna su riƙa faɗa wa mai saye gaskiyar darajar abin da suka miƙa masa, ya zaɓa da saninsa, domin wannan shi ne abin da addininmu ya koyar game da ciniki.

Mutane da yawa kuma suna cire injin fetur na samfurin 100, wato V8 mai lita 4.7, ko mai lita 4.5 na samfurin 80, su sa 1HZ saboda tsadar mai. Wannan dabara ce da ake fahimta, amma kart giris, wato takardar rajistar mota, tana ɗauke da irin man da take sha, kuma wanda ya canja inji bai gyara takarda ba yana iya samun kansa cikin rigima da jandarmomi a shingen bincike, ko da kamfanin inshora ranar da hatsari ya auku. A nemi takardar sayen injin, a bi hanyar da doka ta tanada.

Ina da roƙo ga ɓangarori uku. Masu kula da binciken lafiyar motoci, wanda muke kira bizit teknik, ina roƙon su riƙa auna birkin baya na motocin da aka ɗaga, su duba tiyon birki da girman taya da tsagewar shasi, masu mota kuma su daina neman takardar ba tare da an duba motar ba, domin kansu da iyalansu suke zalunta. Shugabannin makanikai a Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusiri da Njamena, waɗanda a cikinsu akwai dattawan da suka san waɗannan injuna ciki da bai, ina roƙon su koya wa yaran gareji dalilin kowane abu tare da yadda ake kwance shi, su kuma yi ƙarfin halin ce wa mai mota a'a idan ya nemi abin da zai cutar. Mu masu mota kuma kowa ya ajiye ɗan littafi a cikin motarsa, a rubuta rana da kilomita duk lokacin da aka canja baƙin mai, wanda a irin waɗannan injuna bai kamata ya wuce kilomita 5,000 ba, da ranar da aka canja taimin bel da man birki da man aksul, bakanike ya sa hannu, littafin kuma ya bi motar idan an sayar da ita. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka ware wani ɗan shafi da ƙwararrun makanikai za su riƙa amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, domin littattafan waɗannan motoci da Faransanci da Turanci suke, yawancin direbobinmu kuwa ba sa karanta su.

Na gode da wannan dama. Allah ya tsare matafiya, ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Garwa, Jihar Arewa, Kamaru